Dosiyen da Ya Dawo Babu Komai

Agadas, ranar Litinin

Zuwa ga maigidana, Baban Ramata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a wajen haƙar zinariya. Yaya zafi, yaya ƙarancin ruwa? Ramata lafiyarta lau, haƙori biyu sun fito mata, kowa ta samu cizo. Na ba Nasser direba wannan takarda tunda ba rezon waya a wajenku. Ko da akwai ma, bakina ba zai iya faɗa maka wannan magana ba.

Ka san wayar da ka bar mini, wadda ka ɗauki muryar Baba, mahaifinku, da ita kafin ya rasu, yana bayanin rabon dabinon garkarsa ta Iférouane. Ka san kuma halina, ko kwano na gani ba a wurinsa ba sai na gyara. Na buɗe wajen ajiyar wayar na tarar da dosiye barkatai da sunayen Ingilishi, Alarms, Podcasts, Ringtones, duk ba komai a ciki. Na goge su. Da na kashe wayar na kunna, sai ga su sun dawo. Na canja wa ɗaya suna, wayar ta ƙirƙiro sabo da tsohon sunan. Har dariya na yi, na ce ashe waɗannan ba sa mutuwa.

Shi ya sa jiya da na ga wani mai suna Recordings, ban ko buɗe shi ba, na goge shi shi ma. Ya dawo kamar sauran, amma babu komai a cikinsa. Muryar Baba ta tafi.

Ran Juma'a dattawa za su zauna a Iférouane kan gindin dabino goma sha ɗaya da Baba ya ba yayarka, Yaya Kadidia, waɗanda Baffa Habibu ya ce bai san zancensu ba. Ita da marayunta ba su da wata shaida sai wannan murya. Ban gaya mata ba tukuna.

Ka gaida na kusa da kai. Taka,
Habsa

Agadas, ranar Laraba

Baban Ramata,

Ina gaishe ka, da fatan jiki da ƙarfi. Na san takardar farko ba ta ma iso ka ba, amma in ban rubuta ba kaina zai fashe.

Na kai wayar wajen Marwan mai gyara, na bakin babbar kasuwa. Ya yi mini faɗa kamar ya haife ni. Ya ce waya sunan dosiyen kawai take mayarwa, ba ruwanta da abin da ke ciki. Ya haɗa ta da odinatarsa, wato kwamfuta, wuni guda, ya ciro hotunan sunan Ramata da wa'azi biyu. Muryar Baba ba ta fito ba, ya ce kada in sa rai.

Yaya Kadidia ta zo da hantsi ta kawo mana cuku, tana murna jibi magana za ta ƙare. Na zaunar da ita na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Sai kawai ta tambaye ni ko kai ka sa ni.

Ka san dalilin tambayar. Ranar da za ka tafi ka ce in kunna wa dattawa farkon kawai, in tsayar daidai inda Baba ya fara tari. Ni kuwa na saurara har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Bayan tarin ya ce bakwai ɗin nan na bakin rijiya, waɗanda kake ɗiba shekara biyu, na Baffa Habibu ne. Yaya tana ɗakin ranar, ta ji. Yanzu duk wanda ya ji labari zai ce na goge ne don in rufa wa mijina asiri. Wallahi ba haka ba ne, amma wa zai yarda?

Gobe zan bi motar Iférouane tare da ita. Tsoro nake ji, kuma ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba.

Taka,
Habsa

Iférouane, ranar Asabar

Baban Ramata,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun iso lafiya, sai ciwon baya na hanya.

An zauna jiya bayan Juma'a a zauren liman. Da aka ce a kunna murya, na miƙe na faɗi abin da na yi wa wayar. Baffa Habibu ya yi murmushi ya fara naɗe rawaninsa zai tashi. Yaya Kadidia ta sunkuyar da kai.

Sai na ce na haddace maganar Baba, in an yarda zan maimaita ta da rantsuwa. Na lissafa goma sha ɗaya na Yaya, gindi bayan gindi, yadda ya ambace su. Sai na zo inda ya yi tari. Ba wanda zai kama ni in na tsaya nan, Yaya ma ba za ta tona ƙanenta ba. Amma idon Baffa ya nuna mini bai yarda da ko kalma ɗaya ba, kuma yana da gaskiya, me zai sa ya yarda da matarka?

Na ci gaba. Na ce bakwai na bakin rijiya nasa ne.

Ya koma ya zauna. Liman ya ce macen da ta cire abinci daga bakin gidanta ba ƙarya ta zo yi ba. Baffa ya ce ya yarda da duka, aka rubuta, aka shafa fatiha. Yaya ta samu dabinonta.

Kai kuwa ka rasa bakwai, kuma da bakina ka rasa su. Na goge muryar Baba bisa kuskure, ina neman gafararka a kan wannan. Na biyun da gangan na yi, ba zan nemi gafara ba. In ka dawo da fushi, kada ka je wajen Yaya ko Baffa. Ka zo gida, ina nan.

Matarka,
Habsa