Ni Na Kai 'Yan Jarida Rumfar Gwaggona

Malama Seok, ki taimake ni, kaina ya kulle. Ban saba neman shawara ba, na fi sabawa da bayar da ita ga wanda bai tambaya ba.

Shekarata ashirin da huɗu, ina lodin kaya a wani sito a nan Daegu. Ban je jami'a ba, kuma ba na jin kunyar haka. Tun ina aikin soja na fara karatu da kaina, littattafan gwanjo, kuma abu guda na tsinta a cikinsu: mutum ba dabbar gwamnati ba ne. In bai cuci kowa ba, a ƙyale shi ya nemi abincinsa. Mu goma sha biyu ne a ƙungiyarmu masu wannan ra'ayi. 'Yan jarida ba sa tunawa da mu sai ranar da suka rasa labari, su zo su ɗauki wanda ya fi kama da mahaukaci a cikinmu. Yawanci ni ne.

Gwaggo Bok-rye, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun da ya rasu ina aji uku. Shekara goma sha tara tana soya hotteok, wainar nan mai sukari a ciki, a 'yar rumfar leda a lungun bayan tasha. Ba ta da lasisi, don babu ma lasisin da ake bayarwa a wannan lungu. Da wannan kaskon ta girmar da ni.

Watan jiya wata 'yar jaridar talabijin ta kira ni, wai tana haɗa rahoto kan rumfunan titi da ke ɓacewa. Na ce yawwa, ga misali a gidanmu! Ban nemi izinin Gwaggo ba, ana gobe za su zo kawai na gaya mata. Ta ce, "Kai da surutunka! Wace talabijin, ni da kaina duk furfura?" Na ce mata tarihi za mu kafa. Ta yi dariya, ta je ta rina gashi.

Malama, minti arba'in na yi ina bayani, a natse, da hujjoji. Daƙiƙa tara suka saka. Wurin da na nuna ofishin gunduma da yatsa na ce ma'aikatansa kaska ne masu shan jinin talaka, shi kaɗai. A ƙasa suka rubuta "Matasa masu ƙin doka". Sannan suka nuna fuskar Gwaggo tana murmushi, da lambar ƙofar tasha a bayanta ƙuru-ƙuru. Su kam sun samu abin cike gurbi, sun tafi cin abinci.

Cikin kwana huɗu takardun ƙorafi kan rumfar suka cika ofishin gunduma. Sai ga Mista Pyo, jami'in da ke kula da titunan unguwarmu. Ashe shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana bin lungun yana kallon wani gefe. Muddin ba wanda ya rubuta ƙorafi, bai ga komai ba. Mai gyaran takalmi ya san haka, mai sayar da safa ta sani, kowa ya sani sai ni mai karatu. Mista Pyo ya cire hula, ya sunkuya, ya miƙa wa Gwaggo takardar umarnin rufe rumfa da hannu biyu ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Duk gari ya gani, ba zan iya cewa ban gani ba." Na hau shi da ihu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne na talabijin? To ga kaskar ta zo, samari. Ina kyamarar?"

Yanzu kaskon yana baranda, an rufe shi da bargo. Abin da ke cin raina, ko sau ɗaya ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta zage ni! Har yanzu tana haɗa mini abincin tafiya aiki, sannan ta zauna ta ɗora hannu a gwiwa, yatsunta suna motsi kamar tana mulmula ƙullu. Na je zan ba ta haƙuri, sai na ji bakina yana yi mata lacca kan zaluncin doka. Ta ce, "Ci abincinka, Farfesa, miya na hucewa."

Ga tambayata. Ƙungiyarmu ta shirya zanga-zanga ranar Asabar a ƙofar ofishin gunduma. Suna so Gwaggo ta tsaya a gaba da kaskonta. Gidajen talabijin uku sun ce za su zo, shugabanmu yana cewa ba za mu sake samun irin wannan dama ba. Ni har gobe na yarda dokar nan zalunci ce. Ban gaya mata ba tukuna. Na san in na tambaye ta za ta ce to, don ba ta taɓa ce mini a'a ba. Shi ne ya hana ni tambaya. In kai ta, ko in bari su ce na ji tsoro?

Mai Bakin Wuta, Daegu

*

Ɗana Mai Bakin Wuta,

Kar ka kai ta. Na fara da wannan don na lura kai mai gaggawa ne.

Ba zan ce ra'ayinka shirme ba ne. Dokar da ta bar mace shekara goma sha tara tana sana'a da fargaba tana buƙatar gyara, kuma wanda ya yanke minti arba'in ya bar daƙiƙa tara bai yi maka adalci ba. Amma kalmar da suka saka daga bakinka ta fito, kuma kai ka nuna musu hanyar lungun.

Kana faɗa don a daina yanke wa mutane hukunci a kan rayuwarsu ba da yawunsu ba. Abin da ka yi wa gwaggonka ke nan, kuma Asabar za ta zama karo na biyu. Ka riga ka gane cewa "to" ɗinta ba amincewa ba ce, ƙauna ce. Jin da ka yi ba za ka iya tambayarta ba, shi ne mafi kyawun abin da ke cikin wasiƙarka.

Ka zauna a gabanta ka ce, "Gwaggo, na yi kuskure, ki yafe mini." Daga nan ka rufe baki, ko da shirun zai kai awa guda. Bayan haka ka tambaye ta abin da ita take so. Wataƙila lungunta take kewa. Wataƙila kuma gwiwoyinta sun gaji tun tuni, ba ta da wanda za ta gaya wa. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba.

In sana'ar take so, ka je wurin Mista Pyo kai kaɗai, ba kyamara, ba abokai. Ka ba shi haƙuri, ka tambaye shi ko akwai gurbi a kasuwa ko wani wurin da doka ta yarda. Ba na yi maka alkawari, amma mutumin da ya kawar da kai shekara goma sha ɗaya ba maƙiyinta ba ne. Ka kuma rubuta wa gidan talabijin, cikin ladabi, su rufe fuskarta da lambar tashar a hoton da ke yawo, don akwai sauran masu rumfa a lungun.

Asabar kuwa, in kana so ka je, ka je da fuskarka da sunanka, waɗannan naka ne. Abokan da suka ce ka ji tsoro, ka ce su kawo nasu gwaggonnin.

Ina yi maka fatan sanyin zuciya, ita kuma lafiya da abin yi. Ka gaishe mini da ita. Matar da ta riƙe ka tun kana aji uku ba za ta rasa wurin ajiye haƙurinka ba.

Malama Seok