Jar Ƙasar da Ke Cikin Gwangwani

Zuwa ga Kawu Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan sanyin ƙasar Turawa bai takura maka ba. Umma da kowa a Rafin Guza lafiya lau. Na zaɓi in rubuta a nan ne saboda duk ranar da ka kira waya, bakina nauyi yake yi.

Malamarmu ta nuna mana hoton zanenka a aji, wanda ka yi na ƙofar gidan Kaka. An rubuta a ƙasansa cewa da jar ƙasar ƙauyenmu ka zana shi, wadda ka tsuguna ka ɗiba ranar da 'yan bindiga suka tashe mu. 'Yan ajinmu suka juyo suna kallona, na sunkuyar da kai. Sun zaci kunya ce.

Ina tuna yadda kake aiki a ɗakin soro. Ka tankaɗe ƙasar da rariyar Umma tana yi maka faɗa, ka kwaɓa da ƙaro, ka shafa da yatsa. Ba ka zana mutane, sai ƙofofi da rumbuna da bakin rijiya. Kakan ce mutanen ai mun taho da su, bangon muka baro.

Kawu, ƙasar wannan zanen ba ta ƙauyenmu ba ce.

Ranar da ka je Abakpa sayo katako, Umma ta sa ni sharar ɗakinka. Na fito da gwangwanin madarar da kake ajiye ƙasar, ya suɓuce ya kife a bakin kwata, ruwan wanki ya tafi da ita. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Na ruga wajen masu buga tubali a bakin rafi, na cika gwangwanin da jar ƙasarsu, na mayar inda yake.

Washegari ka murza ta a yatsunka, ka daɗe kana dubana. "Ta yi yashi," ka ce. Ka ƙara ƙaro, ka ci gaba.

Wanda ya fi damuna shi ne na Kaka. Da ciwo ya kwantar da ita, ta ce a kawo mata zanen. Ta dafa shi da tafin hannu, ta shafa a fuskarta. Ina tsaye a wurin, na bar ta tana zaton ƙasar gida ce.

Ban san abin da za ka yi da rubutun da ke ƙasan zanen ba, kai ke da iko da aikinka. Ni dai ka yafe mini. Kuma don Allah ka gaya mini: tun ranar ka sani?

Allah ya jiƙan Kaka, ya sa albarka a hannunka, ya zaunar mana da garinmu lafiya.

Taka 'yar,
Hafsatu