Kapitan da Inday a Keji Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Kapitan ya sake cizon Inday, wannan karon har ya cire mata yatsa. Jini har cikin bahon ruwansu.

Ban ga laifinsa sosai ba. Duk ƙauyen nan babu mai ƙadangaren ruwa irinsa. Ya fi hannuna tsawo, ƙayoyi jere a gadon baya, ga fatar nan tsaye a gindin jela kamar mafici, in rana ta doke shi sai ya yi shuɗi-shuɗi. Ita kuwa Inday tun tana 'yar mitsitsiya na kamo ta a bakin rafi don ta yi masa ƙwai. Har yau shiru.

Ɗana Arnel yana wanke baho ya kira ni Tatay, wato Baba, ya ce, "Inday fa ba mace ba ce. Dubi jelar, mafici ya fara tasowa." Na kwaɗa masa mari. Yaron da aka haifa a gabana ne zai koya mini dabbata?

Alhamis, 6 ga Maris

Matata Nenita ta ce wai Arnel ya fi ni tsawo yanzu. Takalmi ne.

Talata, 11 ga Maris

Inday na ta goga baki a jikin ragar ƙarfe tana neman hanyar fita, har leɓe ya saɓule, haƙora a waje. Kapitan na kan reshe yana gyaɗa kai, ko gwanda ya hana ta ci.

Na dawo daga gona na tarar Arnel ya raba kejin biyu da katako. Kejina! Na sa ƙafa na ture katakon, na zaro gorar da nake tokare ƙofa da ita, na zuba masa a baya, na sake. Da na ƙara ɗagawa sai ya cafe. Na ja, na ja, ta ƙi zuwa. Bai rama ba, kallona kawai yake yi daga sama. Kallon nan ne ya sa na kai masa naushi a baki. Leɓensa ya fashe, jini ya ɓata masa riga.

Nenita ta fito da ludayi a hannu tana ihu, "Berting, kashe shi za ka yi? To kashe mana ka huta, sai ka zauna da ƙadangarunka!"

Na tsorata da ya riƙe gorar nan. Ba wanda zai ji wannan.

Asabar, 15 ga Maris

Da safe na ji ana dukan raga. Kapitan ya danne Inday, ya kama wuya yana jijjigawa kamar kare da tsumma. Sai ga Inday ta juyo ta kafa haƙori a maficinsa, ta yage shi har ƙasa. Suka faɗa baho, ruwa ya yi ja. Na sa hannu na raba su, jela ta tsula mini a fuska, farce ya tsaga mini hannu.

Na birkice Inday a cinyata na duba. Ramukan nan na ƙarƙashin cinya da ake gane namiji da su sun fito manya-manya, a jere. Wuya ya fara shuɗi. Namiji ne. Tun can namiji ne, girma ne kawai ya iso, shi ne Kapitan ya kasa jure gani.

Nenita na tsaye a kaina. Ta ce, "Amaryar taka ke nan?" Sannan ta ce Arnel ya bi motar farko zuwa garin Estancia wajen kawunsa, zai shiga jirgin kamun kifi. Ko sallama bai yi mini ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Ya tafi ɗin. Wa ya riƙe shi?

Alhamis, 27 ga Maris

Na gina keji na biyu can bayan bishiyar kwakwa, inda ba sa ganin juna. Ba don maganar kowa ba, dama ina da niyya. Gorar nan ma na sare ta na yi wa Inday abin hawa, tunda ƙofar ba ta bukatar tokara. Yau ya ci gwanda sosai. Bakin dai bai rufe ba.

Da yamma Nenita na magana da Arnel a waya. Na ce ta tambaye shi me ake shafa wa leɓen da ya fashe.

Ta ce, "Leɓen wa?"

Na ce na ƙadangare mana, na wa kuma.

Sai ta miƙo mini wayar, ta shige ɗakin girki. Ina jin numfashinsa, shi ma yana jin nawa. Bai kashe wayar ba. Ni ma ban kashe ba.