Hoto ya nuna ƙari, uwar mijina ta ce jikanta ne

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, mai niyyar yi mani wa'azi kuma ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ranar Alhamis, ƙarfe goma da kwata na safe, mu uku ne a ɗakin hoton ciki, ni da yayata da likita. Likitar ta shafa mani wani abu mai sanyi a mara, ta bi da na'urar, ta juyo allon ta nuna mani. Ta ce babu kai, babu ƙashi, babu bugun zuciya. Ƙari ne guda uku a jikin mahaifa, su fiburom suke ce masa, tsoka ce ke tsirowa, ba ciwon daji ba ne, amma shi ke sa ni zubar jini.

Bari in bi da ku daga farko. Mijina ya rasu wata goma sha bakwai ke nan, kan hanyar Garu da lodin albasa. Shekara bakwai muna tare ba haihuwa. Ina cikin takaba marata ta fara tasowa, kuma ni da bakina na ce wa Inna, mahaifiyarsa, kamar ina jin motsi. Wannan laifina ne, na ɗauka. Tun ranar ta ce takabata ba ta ƙarewa sai na haihu. Wata tara ya wuce, ta ce cikin ne ya kwanta saboda firgitar mutuwa. In jini ya zo, ta ce shi ke mai da shi baya. Anka jiƙa mani saiwa, anka hana ni fita, rumfata ta kasuwa tana hannun wata. Asibitin ma a ɓoye yayata ta kai ni, ranar da jiri ya kayar da ni bakin murhu.

Da na kawo hoton gida, Inna ta ɗora yatsa kan ƙarin da ya fi girma, wai ga kan jikanta nan, mu ne makafi. Wan mijina kuwa bai ko dubi takardar ba, tambayata ya yi wa ke jirana a waje da nake gaggawar fita takaba. Ni da nake canza zane sau uku a wuni saboda jini! Na ce masa matarsa ta karɓi cikin ta riƙe musu, tunda kwanciya yake. Tun ranar ba ma gaisawa.

Likita ta ce jinina ya yi ƙasa. In anka yi mani aiki yanzu a asibitin birnin Parakou ana sa ran cire ƙarin a bar mahaifa, in na ja lokaci ba ta yi mani alkawari ba. Ta ce in kawo Inna a sake hoton gabanta. Inna ta ce inji ba ya ganin abin da Allah ya ɓoye, kuma in na bari anka yanka ni na kashe mata ɗa sau biyu, ba ta yafewa.

Haushinta nake ji ƙwarai. Amma kowace safiya sai ta zo ta dafa cikina, ta kira sunan ɗanta.

An ba ni ranar Litinin ta yin aikin. Malaman da ke cikin gidan nan, ku gaya mani, takabata ta ƙare ko ba ta ƙare ba? Sauran kuma ku amsa mani abu ɗaya: in faɗa wa Inna ranar in tafi tana tsine mani, ko in hau mota ta ji a bakin mutane?