Kwandon Mai Farar Kwat

Zuwa ga angona Dogo,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririn da har yau hotonsa kawai na sani. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare idonka daga wutar waldar nan da kake wasa da ita. Mu nan da sauƙi. Gwiwata na kuka kamar tsohuwar ƙofa, babanka kuma yana nan da tarinsa. Kai kam mijin banza ne, wata biyar ko gaisuwa, amma na ajiye wannan shari'ar, akwai wadda ta fi ta.

An gaya maka a waya Baffanka Bakanike ya rasu, ba a gaya maka yadda aka yi ba. Wani mai wa'azi ne ya kama tsohon shagon bayan tashar mota, muna ce masa Mai Farar Kwat. Yakan rubuta ayoyi a 'yan takardu ya zuba a kwano, kowa ya rufe ido ya zari ɗaya, wai saƙon Allah ke nan gare shi. Gaban teburinsa akwai kwando, duk wanda ya ce ya ba da gaskiya sai ya jefa maganinsa ciki. Baffanka ya zari ayar warkarwa, ya jefa allurarsa ta ciwon suga. Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Ni na same shi kwance a garejinsa tsakanin tsofaffin tayoyi, leɓɓansa a bushe, takardar nan cikin aljihun rigar aikinsa duk baƙin mai. Mai Farar Kwat ya ce wai bangaskiyar Baffanka ce ta gaza.

Ka san ni, a aji uku na tsaya. Da yatsa nake bin layi, ina haɗa baƙi kamar mai tsintar allura. Amma shekara arba'in ke nan kowace safiya sai na karanta sura guda a Littafi Mai Tsarki, bi da bi, har jerin sunayen nan da suka ƙarasa mini haƙora. Wata rana in fahimta, wata rana in yi gyangyaɗi. Sai dai wanda yake jin muryar uwarsa kullum, ba a yi masa kwaikwayonta ta bayan ƙofa. A cikin Littafin na ga Shaiɗan ma aya ya zaro da ya ce wa Ubangiji ya diro daga kan Haikali, Ubangiji kuwa bai diro ba. A nan kuma na ga ɗaya daga cikin marubutan Bishara likita ne. Ranar da muka binne Baffanka, abin da na tara a shekarun nan shi ya riƙe ni, in ba haka ba da na yi wa Allah baƙar magana.

Bayan kwana bakwai na ɗauki sandata na je shagon. Na ce ni tsohuwa ce mai ƙaramin sani, ya taimaka ya karanta mini abin da ke sama da ƙasan ayar da ya ba ɗana. Ya ce Ruhu ba ya bin layi. Na ce to, tunda gilashin idonsa ma likita ya ba shi, ya jefa a kwandon mu ga ikon Allah. Ƙartinsa biyu suka ɗaga ni cak suka yi waje da ni, rabon da maza su ɗauke ni haka tun kakanka na da ƙarfi. An yi dariya, Dogo, amma ko mutum ɗaya bai sa hannu ya ɗauki maganinsa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ƙanwarka Auta tana cikin masu zuwa wurin. Cikinta wata bakwai, ta jefa ƙwayoyinta na hawan jini a kwandon. Ƙafafunta sun kumbura har ba ta iya taka keken ɗinkinta, zare ma ba ta ganin sa shi a allura, ta ce wasu taurari ke gilma mata. Nas ɗin da ke duba ta ta ce in aka ci gaba haka, ana iya rasa su biyun. Ni kuwa ta daina buɗe mini ƙofa, wai na kunyata bawan Allah. Mijinta ya yi magana har ya gaji.

Kai take jin maganarka tun kana goya ta. Kada ka yi mata faɗa, icen da ya lanƙwashe ba a miƙe shi rana ɗaya. Ka kira ta kowace safiya kafin ka fita, ku karanta sura guda tun daga kanta har ƙarshenta, ku fara da Bisharar likitan nan, ta ji muryar da kunnenta. In kun rufe, ka roƙe ta ta koma asibiti. Na san naka Littafin yana ƙarƙashin akwati, kada ka yi mini rantsuwa, ka kakkaɓe shi kawai. Gobe za ka fara, ba jibi ba. Na raka ɗana kabari da ƙafata, ba ni da sauran gwiwar raka jika.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da jaririnku, da Gwaggonka Malamar Makaranta in kun haɗu. Babanka da Inna Ƙarama suna gaishe ka. Matar Baffanka ma ta ce a gaishe ka, ita ce kaɗai maganar da ta yi yau.

Taka tsohuwar matar da ka yar,
Kaka