Jar motar Kaka Shigeru ba ta kai teku ba

Zuwa ga Yayata Natsuho,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Yoshiki da ɗan jaririnmu Rento. Ranar Lahadi na hau tudu zuwa wurin ibada na roƙa muku lafiya, ku da duk mutanen Sapporo. Nan zafi ya yi yawa, ko ganyen shayin gonar baya ya yi laushi. Mama lafiyarta ƙalau. Kaka Tomie tana cin abinci sosai, amma mantuwar ta ƙaru, jiya sau biyu ta kira ni da sunanki. An tsayar da ranar kai ta gidan kula da tsofaffi, ɗaya ga Satumba. Kin san ba na iya magana a waya, shi ya sa na rubuto.

Maganar jar motar tseren marigayi Kaka Shigeru ce, wadda ta shekara goma sha biyu a rumfa. Tun da aka fara zancen tafiyar Kaka, Baba ya ɗauki alkawarin zai tayar da ita kafin Obon, lokacin da matattu ke ziyartar gida, ya kai Kaka bakin tekun da mijinta ya fara kai ta suna saurayi da budurwa. Da na ji haka sai da na shiga ɗaki na yi kuka, don ko a littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin matashi ban karanta mai daɗin wannan ba.

Amma Baba ma'aikacin gidan waya ne, ba bakanike ba. Kowace Asabar yana rumfa da tsohon littafi da waya a jingine. Ya kwance notuna ya zuba su duka a gwangwanin shayi guda, bai yi wa ko ɗaya alama ba, ya kwana uku yana neman gurbinsu. Wani notin kuma ya ɗaure shi da ƙarfin tsiya har ya karye. Tsoho Kurihara maƙwabcinmu, wanda ya yi shekara arba'in a gareji, yakan leƙo ta shinge ya tambaya ko mai hannun biro na bukatar taimako, ya ce inji ba ambulan ba ne da za a lasa a manne. Baba ya yi dariya ya ce tsohon ya je ya ji da kabewarsa da tsutsa ta cinye. Da tsohon ya tafi sai na ga fuskar Baba ta canza, don mai hannun biro shi ne sunan da Kaka Shigeru ke kiransa da shi.

Da ya zo rufe kaskon baƙin mai na ƙarƙashin inji, bai samu gaskit irin na da ba, wato robar da ke hana mai yoyo, sai ya sayo danƙon liƙi ya matsa da yawa, wai gara ya yi yawa da ya yi yoyo. Ni na riƙe masa fitila, har na ce ya yi kyau kamar adon kek. Wannan magana tana damuna har yau.

Safiyar farko ta Obon motar ta tashi. Yaya, da kin ga Kaka! Tana jin ƙarar ta miƙe ba sanda, ta ce a kawo mata rawayen ɗankwalinta, Shigeru ba ya son jira. Kujera biyu ce, don haka ni da Mama muka bi su a ƙaramar motarmu. Ina hango ɗankwalin yana kaɗawa. Ba mu kai gadar kogi ba sai muka ji ƙwanƙwasa kamar ana dukan tukunya, hayaƙi ya tashi, motar ta tsaya.

Tsoho Kurihara ne ya jawo ta gida. Ya buɗe kaskon, ya zaro guntayen danƙo daga rariyar mai ya shimfiɗa a tafin hannunsa. Ya ce danƙon da ya matso ta ciki ne ya ɓalle ya toshe hanyar mai, injin ya yi gudu a bushe har ya buga. Wannan karon bai yi tsokana ba. Ya ce da an kira shi, aikin rabin awa ne, amma yanzu ko an samu kayan sai hunturu. Baba ya sunkuya ya yi masa godiya. Rigakafi ya fi magani, amma wa zai faɗa masa haka yanzu?

Mama ta ce a kai Kaka teku a motarmu. Kaka ta ƙi, ta ce ita matar aure ce, ba ta shiga motar baƙi. Yanzu kowace safiya takan ɗaura ɗankwalin ta je rumfa ta zauna a kujerarta cikin motar. Baba ya daina karyawa da mu, yakan bi ta ya zauna ya riƙe sitiyari har lokacin fita aiki. Shekaranjiya na ji tana ce masa ya rage gudu, iska za ta ɓata mata gashi. Ya amsa mata da to.

Saura kwana goma sha ɗaya a kai Kaka gidan tsofaffi. Don Allah ki zo kafin nan, ko na kwana biyu ne. In kin kira Baba kada ki ambaci motar.

Ki gaida Yaya Yoshiki da mahaifiyarsa Inna Sumie, ki sumbaci Rento a goshi. Mama na gaishe ku.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Chizuru