Layin da Charmaine Ta Tsallake

Ke uwar da 'yarki take cikin 'yan matan da ke rawa da tsalle suna zuga 'yan ƙwallo, ki saurare ni. In an dawo daga gasa, kada ki tsaya tambayar na nawa suka zo. Ki ce a ba ki takardar alƙalai ki karanta da idonki. Ga abin da ya gudana tsakanina da babbar 'yata Charmaine, mai horar da 'yan matan sakandaren garinmu, a kan autata Nadine, wadda ita ake cillawa sama. Ban cire komai ba.

Earline Pruitt

*

Charmaine,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da mijinki kuna lafiya. Na rubuto ne don in na buga waya ihu za mu yi.

Nadine ta ce tun da kuka zo na uku a gasar garin Waco kike son a riƙa cilla ta tana juyi biyu kafin ta sauko, wai alƙalai sun ce wasanku ba wuya a ciki. Na ga takardar a jakarta. Abu biyu suka rubuta. Na biyun cewa ya yi masu caɓe ta suna makara. Wannan layin ina kika kai shi? Ina zaune a wurin na ga kanta ya kusa taɓa ƙasa, ke kina can kina tafi.

Tun kina ƙarama haka kike, abin da ya yi miki daɗi kawai kike ji. Ki gyara hannun masu tarewa tukuna.

Mahaifiyarki

*

Mama,

Ina gaisuwa, ya ƙafar taki?

Don Allah, Mama, ki bar mini aikina. Maki kashi biyu ne, na wuya da na iyawa. Makarar nan ɗan abu suka cire mana a kanta, rashin wuya kuwa shi ya kayar da mu. In muka je babbar gasar Dallas da wasan da muka yi a Waco, ko kallonmu ba za a yi ba. Masu ɗaukar yara zuwa jami'a kyauta a can suke zama, kuma Nadine suke so su gani. Ita ma fa tana so. Mun ma fara gwadawa, sau ɗaya kawai ta zame, ta tashi tana dariya.

Ki huta lafiya.

Charmaine

*

Charmaine,

Ina amsa gaisuwarki, sauran kuwa ban amsa ba.

Ta tashi tana dariya? Jiya na same ta a kicin ta ɗora ledar wake mai ƙanƙara a wuya. Na ce, "Juyo ki kalle ni." Sai ta juyo da jiki duka kamar katako. Ta ce, "Mama, kada ki gaya wa Koci." Yayarta uwa ɗaya uba ɗaya take kira Koci, tana tsoronta!

Shi ya sa kika gan ni yau a filinku da hular coci. Na ji yaranki suna raɗa, "Ga hukuma ta iso." Su yi ta yi. Kin ce na kunyata ki a gaban iyaye. Na kunyata ki ɗin, gobe ma zan sake. Likita ya ce ta huta. In ta warke, juyi ɗaya za ta yi, ko ta zauna gida ta taya ni ninke kaya. Jami'ar da sai an karya wuya ake shiga, ba ma so.

Allah ya shirya mini ke.

Mahaifiyarki

*

Mama,

Ina gaisuwa. Mun dawo daga Dallas. Juyi ɗaya ta yi kamar yadda kika so. Babu wadda ta faɗi, babu wadda ta makara. Na huɗu muka zo. Alƙalai sun yaba masu tarewa, suka sake rubuta cewa wasan ba wuya. Babu wanda ya nemi Nadine. Kuka ta yi ta yi a mota har gida.

Ina fata hankalinki ya kwanta.

Charmaine

*

Charmaine,

Lafiya lau, kuma hankalina ya kwanta sarai.

Nadine ba ta yi mini magana ba tun da kuka dawo. Amma ɗazu na kira ta daga baya, ta waiwayo da wuyanta ta harare ni. Na gode wa Allah da wannan hararar.

Kin fi ni sanin maki, ban musa ba. Ku zo cin abinci ranar Lahadi, akwai soyayyar kaza. Ki taho da takardar Dallas. Daga yau, duk takardar alƙalai a teburina za a karanta ta, da ƙarfi, daga layin farko har na ƙarshe, kafin a sake ɗaga 'yar gidan nan daga ƙasa.

Mahaifiyarki,
Earline